Tanti Na Sha Ɗaya

Ran Litinin na kai kuɗin.
Riyal ɗari bakwai, mu bakwai,
kowa ɗari, har da Sallau
da ya ranto tasa wurin mai shago.
Abu Mish'al ya lashi yatsa ya ƙirga,
ya sake ƙirgawa,
ya ce: an gama, tanti na sha ɗaya,
daren Juma'a har wayewar gari,
da dardumai, da murhu, da tankin ruwa.
Saƙo ya shigo wayata: an tabbatar.
Na bi kowa ina nunawa
kamar wanda ya karɓo takardar fili.

Don Harisu muka yi.
Shekara goma sha tara yana tuƙi a Riyad,
ya san kowace gada, kowace danja,
bai taɓa kwana kan yashin ƙasar ba.
Sau nawa ya kai masu gida Sumama,
ya sauke musu rago da gawayi,
ya koma mota ya kwantar da kujera
yana jiyo dariyarsu daga nesa?
Lahadi jirginsa zai tashi, ba dawowa.
Muka ce, kafin ka tafi
sai ka zauna a tsakiyar tanti
wani ya zuba maka shayi.

Sai ga ruwa ran Laraba.
Ruwa a Riyad!
Yashi ya kwanta, iska ta yi daɗi,
birni kaf ya tuna yana da daji.

Alhamis da hantsi waya ta yi ƙara.
Ya ce: ɗan'uwa, ka dai ga yanayi,
dubu da ɗari biyar ne yanzu.
Na ce: ai na biya.
Ya ce: kuɗin Litinin ka biya.
Na ce: ga saƙonka nan.
Ya ce: saƙo bai san za a yi ruwa ba.

Na so in tambaye shi
nawa ya sayi hadarin.
Amma wanda takardar zamansa ke hannun wani
yakan tauna magana ya haɗiye.
Na ce: to.

Muka zazzage aljihu a bayan masallaci.
Namadi ya riga ya aika gida,
Ilu na jiran ƙarshen wata,
Sallau ya sunkuyar da kai.
Ɗari da tamanin muka tara.
Ko rabin ƙarin bai kai ba.

Da la'asar na je karɓar namu.
Mai gadin, wani dattijo Basudane,
ya miƙo kuɗin bai dube ni ba.
Ina juya mota na ji an buɗe but,
an jefa damin itace, an rufe.
Ya yafito ni da hannu: tafi, tafi.

Muka wuce tantunan duka,
muka wuce inda kwalta ta ƙare.
Mota biyu muka jera,
muka ɗaura tamfol a tsakani,
wanda Ilu ke rufe kayan gini.
Warin siminti yake yi.
Sanyi ya shigo ta ko'ina bai yi sallama ba.
Naman ya ƙone ta gefe ɗaya.

Harisu ya zauna a tsakiya.
Ni na zuba masa shayin.
Ya riƙe kofin da hannu biyu,
ya tura ƙafarsa cikin yashi mai laima,
ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ɗaga kai ya dubi yagar tamfol:
wai haka taurarinsu suke?

Daga nesa tanti na sha ɗaya na ta haske,
motoci masu tsada sun kewaye shi.

Ya tafi Lahadi.
Ɗarin kowa na mayar masa,
Sallau ya biya mai shago.
Saƙon dai yana nan a wayata.
Jiya ina jiran danja na buɗe shi,
har yanzu cewa yake: an tabbatar.